Amsa ga ƙanena mai son aiki a manyan kamfanonin fasaha

Assalamu alaikum, ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da su Baba da sauran mutanen gida, saƙonka ya iso gare ni, kuma na yi farin cikin jin cewa ka kusa kammala bautar ƙasa bayan digirinka na kimiyyar kwamfuta. Ka tambaye ni abu biyu: ko zuwa nan Ayilan karatun digiri na biyu zai buɗe maka ƙofar aiki a kamfani irin su Google ko Amazon ko Microsoft, da kuma yadda waɗannan kamfanoni suke tantance mutum kafin su ɗauke shi. Zan taƙaita a kan ta farko, domin ta biyun ce na fi sani, ita ce kuma ta taɓa kayar da ni.

Abin da digiri na biyu zai ba ka a nan shi ne damar zama, wadda ta fi takardar shaidar kanta muhimmanci a idon mai ɗaukar aiki. Wanda ya gama digiri na biyu a jami'ar ƙasar nan yana iya samun izinin zama da yin aiki har zuwa wata 24, kuma a cikin wannan lokaci kamfani zai iya nema masa izinin da ake ba masu ƙwarewar da ƙasar take ƙaranci, wanda injiniyoyin manhaja suke cikin jerinsa. Wannan ya fi sauƙi a kan Amurka, inda bizar aiki ta H-1B take da ƙayyadadden adadi na 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi babban digiri a can, alhali masu nema sun ninka haka. Sai dai kada ka sa a sayar da gonar gado saboda tunanin cewa aikin yana jiranka a filin jirgi. A watan Nuwamba na 2022 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000, kuma na san mutanen da abin ya rutsa da su a nan Dablin, babban birnin Ayilan, suna tsaka da biyan hayar gida mai tsada.

Matakin farko na neman aikin shi ne takardar da ke ɗauke da tarihin karatunka da aikinka, wadda muke kira sibi. Ka cire ranar haihuwa da ƙaramar hukuma da addini da hoto, duk abubuwan da muka saba jerawa a gida, domin a nan ba a buƙatarsu; ka bar shafi ɗaya mai faɗin abin da ka gina da hannunka da amfanin da ya yi. Idan ma'aikacin kamfanin ya gabatar da kai, takardarka ta fi saurin zuwa gaban idon mutum, amma iyakar taimakonsa ke nan. Uwa a gindin murhu a nan tana iya sa a kira sunanka, ba ta iya zuba maka miya. Daga nan jami'in ɗaukar ma'aikata zai kira ka ta waya, sai a ba ka gwaji ta intanet ko ganawa ɗaya da injiniya, wanda ya tsallake kuma sai a shirya masa ganawa huɗu ko biyar, kowace ta minti 45 zuwa awa ɗaya. Idan daga Kano za ka yi wasu daga ciki, ka tanadi layin intanet biyu, ka cika batirin kwamfutarka, ka kuma nemi ɗakin da ƙarar janareton maƙwabta ba ta kaiwa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta maka doguwar amsa. A intabiyuna na farko da wani babban kamfani da ba zan kama sunansa ba, injiniyan ya ba ni jerin lambobi, ya ce in rubuta manhajar da za ta nemo biyu daga ciki waɗanda jimillarsu ta yi daidai da wani adadi. Na san hanyar, domin na sha yin irinta a LeetCode, shafin intanet da ake atisayen irin waɗannan tambayoyi. Sai na sunkuyar da kai kamar ɗalibin da ke zana jarrabawa, na yi shiru na kusan minti goma sha biyu ina rubutu. Sau biyu yana tambayata abin da nake tunani, ni kuma ina ce masa ya ɗan ƙara haƙuri, na kusa gamawa. Amsata ta fito daidai, na rufe kwamfuta ina hamdala, bayan mako guda kuma aka kira ni aka ba ni haƙuri. Da na roƙi jami'ar ɗaukar ma'aikatan ta faɗa mini dalili, sai ta ce mai gwajin ya rubuta cewa ya ga amsa, amma bai ga yadda na isa gare ta ba, don haka ba shi da hujjar cewa ba haddacewa na yi ba.

Na daɗe ina juya wannan magana. Mu an yi mana tarbiyyar kawaici, an koya mana cewa yawan magana a gaban na gaba rashin kunya ne, kuma wanda ya yi tambaya kafin ya fara aiki kamar yana tona wa kansa asiri ne cewa bai gane ba. Su kuwa tambayar ce farkon abin da suke saka wa maki. Suna son ka tambaya ko lambobin a jere suke daga ƙarami zuwa babba, ko akwai masu maimaituwa, ko jerin zai iya zuwa babu komai a cikinsa. Sannan ka faɗi hanya mafi sauƙi ko da mai jinkiri ce, ka bayyana dalilin jinkirinta, ka kawo wadda ta fi ta, kana rubutu bakinka yana bayani. Idan ka maƙale, ka faɗi inda ka maƙale, domin mai gwajin yana da damar ba ka haske, kuma yadda ka karɓi hasken nan shi ma ana rubuta shi. Dalilinsu a fili yake: aikin da za ka yi na haɗin gwiwa ne, kuma abokin aikin da ba a sanin abin da ke ransa sai ya gama yana da wuyar zama da shi.

Wuri na biyu da tarbiyyarmu take yi mana tarnaƙi shi ne tambayoyin halayya. Amazon yana da ƙa'idojin jagoranci 16 da yake auna kowane mai nema da su, kuma za a ce ka ba da labarin lokacin da ka saɓa wa shugabanka, ko lokacin da ka yi kuskure a wurin aiki. Ana son ka faɗi halin da ake ciki, da nauyin da ke kanka, da matakin da ka ɗauka, da sakamakon da ya biyo baya. Lokacin da nake shiri karo na biyu, wani abokina ɗan Gana ya zauna da ni da biro da takarda yana yi mini gwaji, da na gama labarin wani aiki sai ya juyo mini takardar, ashe yana ta jan layi duk sanda na ce "mun yi". Bai ji "na yi" ko sau ɗaya ba, alhali ni na kwana ina gyara manhajar. A wurinmu yabon kai jahilci ne, kuma ban ce ka zama mai fariya ba, amma faɗin ainihin abin da hannunka ya aikata shaida ce, kuma wanda ya ɓoye shaidarsa a gaban alƙali kansa ya cuta. Haka ma kallon fuskar mai yi maka tambaya: abin da muke ɗauka ladabi idan mun kawar da kai, su suna iya fassara shi da rashin tabbas.

Ka kuma sani cewa wanda ya yi maka murmushi a ganawar ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. A Google kowane mai gwaji yana rubuta rahotonsa, sai wani kwamiti da bai taɓa ganinka ba ya karanta ya yanke shawara, bayan haka a nema maka sashen da zai karɓe ka, abin da kan ɗauki makonni. A Amazon kuma ana sa wani ƙwararre daga wani sashe dabam cikin masu gwajin, wanda ba ruwansa da gaggawar manajan da ke neman ma'aikaci, kuma yana da ikon hana a ɗauke ka. Wannan ya sa abin da ka furta da bakinka yake da nauyi, tunda shi ne kaɗai zai shiga rahoton. Idan an ba ka haƙuri, galibi ana barin mutum ya sake nema bayan wata shida zuwa shekara guda, kuma ni a karo na biyu na samu.

In Allah ya sa aka yi maka tayi, kada ka ce "na sallama" a cikin wayar farko. Abin mamaki ne a ce jikan fatake, wanda zai yi rabin awa yana ciniki a kan shadda a Kantin Kwari, ya ji kunyar neman ƙari a kan albashinsa, amma haka na yi, kuma na yi da-na-sani. Tayin yakan haɗa albashi da hannun jarin kamfanin da ake sakar maka a hankali cikin shekara huɗu, saboda haka ka nemi a rubuta maka shi, ka lissafa haraji da kuɗin haya kafin ka juya shi zuwa naira. Kuma duk wanda ya nemi ka biya kuɗi don a shirya maka ganawa da waɗannan kamfanoni ɗan damfara ne, domin ba sa karɓar ko sisi daga mai neman aiki.

Ka turo mini sibinka kafin Juma'a in duba. Ranar Asabar bayan sallar isha'i zan kira ka ta bidiyo in ba ka tambaya ɗaya, kuma zan riƙe agogo, duk shirun da ya wuce daƙiƙa talatin zan tsayar da kai mu koma farko. Ka gaishe mini da su Baba da kyau.