Dillali mai rangwamen la'ada: ko ya dace a ba shi gida?

Tambaya: Ina zaune a Houston da ke Amurka, kuma ina so in sayar da gidana da aka yi wa kuɗi dala 400,000. Wani dillali ya nemi la'adar kashi 3 cikin 100, wani kamfani kuma ya ce kashi 1.5 zai karɓa. Wa ya kamata in ba?

Amsa: Malam, rangwamen gaskiya ne, sai dai bai kai yadda masu talla suke kururuta shi ba. An daɗe a Amurka ana biyan la'adar kashi 5 zuwa 6, wadda dillalin mai sayarwa da na mai saye suke rabawa, kuma abin da kamfanoni irin su Redfin suke ragewa rabon dillalinka ne kaɗai. A gidanka bambancin dala 6,000 ne. Idan kuwa aka yi sakaci wurin sa farashi ko wurin ciniki har gidan ya faɗi da kashi 2 kacal, ka yi asarar dala 8,000, wato har ka taɓa uwar kuɗi.

Saboda haka, kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: wanda zai ɗauki hotuna, wanda zai zagaya da masu saye, da kuma wanda zai tsaya maka idan mai duba lafiyar gini ya gano matsala aka nemi ragi. Yawancin masu rangwame da yawan ciniki suke mayar da giɓi, don haka mutum ɗaya kan riƙe gidaje da dama a lokaci guda. Ka yi hattara da masu karɓar tsayayyen kuɗi ko an sayar ko ba a sayar ba, tsarin da aka san kamfanin dillancin gidaje na Purplebricks da shi a Ingila, domin wanda ya riga ya karɓi hakkinsa ba kasafai yake gaggawa ba.

Ka kuma sani cewa tun watan Agustan 2024, bayan sulhun shari'a na dala miliyan 418 da ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, wato NAR, ta amince da shi, an daina sanya tayin la'adar dillalin mai saye a rumbun tallan gidaje na MLS, kuma kana da damar yin ciniki a kan abin da za ka ba shi.

A ganina, idan gidanka lafiyayye ne a unguwar da ake rububin gidaje, ka ba kamfanin. Idan tsoho ne mai buƙatar gyara, ka riƙe dillalin farko, amma ka nuna masa tayin kamfanin ka nemi ya rage.