Tambaya da Amsa: Ƙwayoyin bakteriya masu narkar da maiƙo cikin sanyi

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar halittu a Zariya. An gaya mana a aji cewa akwai bakteriya da ke zaune cikin ƙanƙara, kuma kamfanoni na neman sinadarin da suke narkar da maiƙo da shi. Ta yaya sinadari ke aiki a irin wannan sanyi, kuma me masana'antu ke yi da shi?

Amsa: Malama, sinadarin da kike magana a kai enzayim ne (wato sinadarin da halittu ke ƙerawa don hanzarta sauya wasu sinadarai) da ake kira laifes, kuma aikinsa shi ne tsinke ƙwayar maiƙo, ya raba gilisarol da asid guda uku da ke liƙe da shi, har maiƙon ya zama abin da ruwa zai iya ɗauka. Akwai irinsa a cikin hanjinmu, amma namu ya fi aiki a kusan digiri 37 na ma'aunin Selsiyos, kuma duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10, saurin aikin enzayim yakan faɗi da kusan rabi. Ga shi kuma maiƙon kansa yana daskarewa, kamar yadda man shanu ke yi a kwano da safiyar hunturu.

Bakteriya irin su Psychrobacter da Moraxella da Pseudoalteromonas, waɗanda ake samu a Antatika da kuma ƙarƙashin teku inda ruwa ba ya wuce digiri 4, sun shawo kan wannan matsala ta hanyar ƙera enzayim mai laushin jiki. Ƙulle-ƙullen da ke riƙe da sassansa kaɗan ne, don haka yana iya lanƙwasawa ya kama maiƙo a lokacin da enzayim na yau da kullum ya sandare, tamkar yatsun da sanyi ya hana su ɗaure igiya. Masana a Jami'ar Liyej ta ƙasar Beljiyam, musamman Charles Gerday da Georges Feller, sun yi shekaru suna nazarin wannan, ciki har da laifes na wata Moraxella da aka ɗebo daga ruwan Antatika. Sai dai laushin nan yana da tsada, domin da yawa daga cikin waɗannan enzayim suna lalacewa da zarar an ɗan ɗumama su.

A ganina, wannan raunin shi ne rabin amfaninsu, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi mantawa a jarrabawa. Mai sarrafa cuku yana son laifes ya saki ɗan asid da zai ba cukun ƙamshi, sannan ya tsaya kafin abin ya koma ɗoyi. Idan enzayim ɗin mai saurin mutuwa ne, ɗumi kaɗan ya isa ya kashe shi ba tare da an dafe abincin ba.

Babbar kasuwa dai ita ce garin sabulun wanki. A ƙasashen da ake wanki da inji, mafi yawan wutar da injin ke sha tana tafiya ne wajen ɗumama ruwa, saboda haka enzayim da zai cire maiƙon miya a digiri 20 yana rage kuɗin wuta, kuma tufafi ba sa saurin koɗewa. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: laifes na farko da ya yi suna a harkar wanki, wato Lipolase na kamfanin Novo na ƙasar Danmak a 1988, daga wani naman gwari aka samo shi. Na bakteriya, irin su Lumafast da Lipomax da aka samo daga dangin Pseudomonas, sun biyo baya. Ana kuma gwada irin wannan enzayim wajen cire kitse daga fata kafin a jeme ta, da tsabtace ruwan datti mai maiƙo a ƙasashe masu sanyi, da haɗa sinadaran magani waɗanda zafi ke ɓatawa.

Akwai kuma gefen da masana'antu ba sa so. Pseudomonas fluorescens da Pseudomonas fragi suna hayayyafa cikin ɗanyar madara ko da tana firji, kuma laifes ɗin da wasunsu ke saki ya saɓa wa ƙa'idar da na faɗa a baya, domin yana jure zafi ƙwarai. Dafa madarar yana kashe bakteriyar, amma enzayim ɗin yakan tsira, ya ci gaba da aiki a cikin kwali a hankali har madarar ta yi ɗaci da warin tsohon mai. Wannan ne ya sa masana'antun madara ba sa son ɗanyar madara ta daɗe a tankin sanyi kafin a sarrafa ta.