Kada ka zubar da kwalin kaset ɗin Baba

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce kun tarar da kwali biyu na kaset ɗin bidiyo a ɗakin marigayi mahaifinku, Allah ya jiƙansa da rahama, kana tambaya wai mene ne ma daɗin finafinan nan da mu manya muke ta zuzutawa alhali hoton duk dishi-dishi, kuma ko zubarwa za ku yi tunda babu na'urar kallo. To dan Allah dakata tukun, ni na yi shekara takwas a shagon hayar kaset na kawuna nan Garwa ta Kamaru, daga 1996 har 2004, bari in ba ka abin da na gani.

Shagon ɗan ƙarami ne, kanta uku na katako, tele ɗaya, manyeto biyu, wato na'urar kallon kaset, da babban littafi da muke rubuta sunan mai haya da unguwarsu. Kwana ɗaya dala ashirin, sefa 100 ke nan, sabon fim kuma dala talatin. Wanda ba mu sani ba sai ya ajiye katin shaida, amma gaskiya yawanci da sanayya ake yi, yaro zai shigo ya ce Hajiya ta gidan mai goro ta aiko ni, shi ke nan ka miƙa masa. A bayan shagon akwai rumfar zana da benci, nan ne bidiyo kulob ɗin, dala biyar kuɗin shiga, muna rubuta finafinan ranar da alli a jikin allo mu jingine a bakin hanya. Da rana na Sin da na Amurka, su Bruce Lee, Jackie Chan, Van Damme, akasari an juya su zuwa Faransanci, yara ba ruwansu da sunan kowa, akta ne kawai da shef bandi, wato shugaban 'yan ta'adda. Bayan isha'i sai Indiya. Disco Dancer na 1982 ne amma har lokacin da na bar shagon ana nemansa, sau uku muna sake kwafi saboda zaren ya gaji. Indiyan nan babu fassara fa, awa uku mutane na zaune ba wanda ke jin yaren amma kowa ya gane, in an rasa wani abu akwai wani dattijo tela da ya kalli kowanne ya fi sau goma, shi ke bayani daga bencin baya kuma ba mai ce masa ya yi shiru.

Amma abin da ya canza komai shi ne fim ɗin Hausa. A Kano an fara tun 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, sai dai mu nan sai wajen ƙarshen shekarun 90 kaya suka fara zuwa sosai. Kawu yakan tafi Kano da kansa, kasuwar Ƙofar Wambai, ya biyo ta Yola ko ta Mubi, wani lokaci kuma 'yan kasuwa masu kawo atamfa da robobi ne ke cusa mana kaset goma a cikin kaya. Kafin nan ma an sha wuya don an karya darajar sefa a Janairun 1994, duk kayan lantarki da ke zuwa daga Turai suka yi tsada, shi ya sa kowa ya juya Najeriya.

Ka gane wani abu ƙanena, mu Hausawan Kamaru mun taso a kasuwa Fillanci, a lakwal Faransanci, a tele Faransanci da Ingilishi, Hausa sai a cikin gida da rediyo irin su BBC da Kaduna. Rana ɗaya kawai sai ga mutane a cikin tele da babbar riga da zani da kallabi, suna gaisuwa yadda kakata ke gaisuwa, ana durƙusa wa iyaye, ana rikicin kishiya irin wanda muka sani a maƙwabta. Ranar da na fara kai wa kakata kaset gida wallahi ba ta motsa ba har aka gama, da wata tsohuwa ta yi karin magana a ciki sai ta riƙe hannuna ta ce rabon da ta ji wannan maganar tun uwarta na da rai. Wannan ne daɗin da kake tambaya, hoton kam ba wanda ya damu da shi.

Da Sangaya ya fito a 1999, na Ali Nuhu da Fati Muhammad, kwafi huɗu muke da shi kuma sai ka rubuta suna ka jira kwana uku. Matan aure da ba sa fita su ne manyan masu hayarmu, gida ɗaya zai karɓa amma gida biyar ne za su taru, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a fito da tele kan turmi ko tebur. Har maƙwabtanmu Fulani suna aikowa, yaran gidanmu ke fassara musu, da yawa a nan suka ƙara jin Hausa. Ibro kuwa, Rabilu Musa, Allah ya gafarta masa ya rasu a 2014, shi ba ya buƙatar tafinta ko kaɗan. Ranar da labarin rasuwar Ahmad S. Nuhu ya iso a farkon 2007, na riga na bar shago, amma na ga mata suna kuka kamar ɗan gidansu ne. Ba zan ce duk finafinan masu kyau ne ba, akwai waɗanda rawa da waƙa suka cinye labarin, malamai sun yi faɗa a kai kuma wani faɗan da gaskiyarsu, kawu ma akwai waɗanda ya ƙi sakawa a kanta.

Wahalar aikin kuma daban. Ƙurar hunturu tana toshe kan na'ura, hoto ya koma kamar yayyafi, sai mu buɗe mu goge da farar takarda da ɗan alkol. Zafin watan Maris da Afrilu na Garwa da ke wuce 40 yana lanƙwasa kaset in an bar shi a rana. Zare ya tsinke mu kwance sukurori mu haɗa da salatif. A ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ana tsakiyar fim kaset ya maƙale a ciki, mai haya ya zo da safe yana rantsuwa. Kaset ɗin da ya fito daga Faransa kuma wani lokaci sai ya nuna fari da baƙi, don su tsarin launin tele na SECAM suke amfani da shi mu kuma PAL, sai mai na'urar da ke karɓar duka biyun. Daga baya CD ya shigo da araha, kowa ya sayi nasa, haya ta mutu a hankali, silimomin ƙasar ma na ƙarshe a Yawunde da Duwala da Bafusam aka rufe su a 2009.

Yanzu maganar kwalinku. Na Indiya da na Amurka ba abin damuwa ba ne, suna nan a intanet garau. Amma na Hausa na wancan lokacin da yawa a kan kaset aka yi su a kan kaset aka sayar, ka duba YouTube za ka ga wasu babu su sam, wasu rabi ne, to wataƙila abin da ke ɗakin Baba yana cikin 'yan kwafin da suka rage. Sannan ka duba waɗanda aka rubuta wa suna da biro, a ciki ake samun bikin aure, suna, hawan sallah a ƙofar Lamiɗo, kana iya ganin fuskar Baba yana saurayi.

Ka fito da su daga kwalin ka jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai inuwa da ba ya yoyo, nesa da sifika don maganaɗisu yana goge hoto. Ka leƙa ta gilashin kowanne, in ka ga fari-fari kamar gari a kan zaren to fumfuna ce, ware shi gefe kada a saka a na'ura, zai ɓata kan ya kuma shafa wa sauran. Sabuwar manyeto ba za ka samu ba don kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙerawa ya daina a 2016, amma masu gyaran tele na babbar kasuwa suna da tsofaffi, ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Akwai 'yar na'ura mai USB da ake haɗa manyeto da kwamfuta, fim na awa biyu awa biyu zai ɗauka, ba gaggawa. In kun juye ku ajiye a wuri biyu kuma kaset ɗin ma kada a yar.

Ka ɗauki hoton sunayen da ke jikin kwalayen ka turo nan guruf, zan gaya maka waɗanda za ka fara da su. Littafin hayar shagon kawu yana wurina har yau, zan duba ko sunan Baba na ciki.