Mahaifina kafinta ne, ya sha maganin tibi amma haki bai bar shi ba

Tambaya: Likita, mahaifina kafinta ne a Daura, ya yi shekara da shekaru yana yankan silin asbestos da zarto. Yanzu ko masallacin unguwa ya taka sai haki, ga busasshen tari. Ya sha maganin tibi na wata shida, shiru kake ji. Ko sana'ar ce ta jawo masa?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Zarginka yana kan hanya, ɗana, sai dai gwaji ne zai raba gardama.

Farar ƙurar nan da ke tashi a bakin zarto tana ɗauke da zaruruwan da ido ba ya gani. In aka shaƙe su sai su kafe can ƙasan huhu, jiki ya kasa fitar da su, wurin ya yi ta tabo har huhun ya sandare kamar busasshiyar fata. Abin da ke rikita mutane shi ne jinkirin wannan ciwo: yakan ɗauki shekara 20 zuwa 30 kafin ya bayyana, lokacin mutum ma ya ajiye zarton. An gan shi sosai a jikin masu haƙar ma'adinin asbestos ɗin, kamar a Afirka ta Kudu, wadda ta haramta asbestos a 2008. Mu nan kuwa kafintoci da masu rushe tsoffin gine-gine ne abin ji, kuma yana damuna yadda da wuya a tambayi majiyyaci sana'arsa.

Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ku fara da faɗin sana'ar tun kafin a tambaye ku. A sake gwada kakinsa, a ɗauki hoton ƙirji, in da hali a yi hoton CT (hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla) da awon numfashi, a duba zuciya ma. Ku dubi yatsunsa, in kawunansu sun yi kauri farce ya lanƙwasa, ku nuna wa likita.

Gaskiya ɗaya ce, tabon ba ya gogewa. Amma ana samun sassauci da iskar oksijin, da atisayen numfashi, da rigakafin ciwon sanyin huhu. In yana shan taba ya daina yau, domin haɗuwarta da asbestos tana ninka haɗarin sankarar huhu sosai.

Yaran shagonsa fa? Silin da ke zaune ƙalau a bar shi. In ya zama dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum ba fasawa, kada a share ƙurar da tsintsiya. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ta, kuma kada kayan aikin su shiga cikin wankin iyali.