Amsa ga mai tambaya kan ƙawata sabon ginin jami'a

Malam, ka ce an sa ka cikin kwamitin da zai samo mai zanen da zai ƙawata sabon ginin tsangayarku a nan Sakkwato, kana tambayar ta ina za ku fara. Ku fara tun ba a yi filasta ba. Idan aka jira sai ɗan kwangila ya miƙa makulli, dole a farfashe bango don kafa ƙarafa da jan wayar fitila, kuɗi ya tafi sau biyu.

Kada ku cusa aikin cikin kwangilar gini. Ɗan kwangila mai fenti mafi araha zai ɗauko. A ware wa aikin zanen kasonsa daban. A Faransa tun 1951 doka ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin makarantun gwamnati don irin wannan aiki, kuma ma'auni ne mai kyau da za ku iya kai wa hukumar jami'a. Ku zauna da ofishin ba da kwangila tun farko, don idan jami'ar tarayya ce dokar ba da kwangilar gwamnatin tarayya ta 2007 ta hau kanku.

Ku zaɓi mutum uku, ku biya kowa kuɗin zanen gwaji, ko da ba shi ya ci ba. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya na iya nuna muku ƙwararru, amma kada ku manta da maginan gargajiya masu zayyana.

Mutum-mutumi dai ku bar shi, ba zai karɓu a garin Shehu ba. Zayyana da dagi da rubutun ajami sun wadatar. Ni ba na son a sa ayar Alƙur'ani a bangon waje, inda tsuntsaye ke kashi ɗalibai na manna fosta. Kowane rubutu kuma malamai biyu su duba shi a takarda kafin a sassaƙa, domin ɗigo ɗaya ya kauce a siminti, gyaransa sai guduma.

Inda aka fi yin asara shi ne yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, bangon da ke kallon yamma shi ke shan ranar la'asar. Fenti ja mai haske da shuɗi su ke fara kodewa. Launukan ƙasa, jan ƙasa da ruwan ɗorawa mai duhu, sun fi jurewa. Sabuwar filasta a bar ta kwana 28 aƙalla kafin fenti, in ba haka ba farin gishiri ya fito ya ɗaga shi. Idan zayyana mai tudu ce, saman kowane tudu a karkata shi waje, don ƙurar hunturu na zama a kai, ruwan farko ya wanko ta ya bar zirin datti har ƙasa. Ƙarfe mai tsawon mita 10 na iya miƙewa kusan milimita 5 tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar bazara, saboda haka ramin ƙusa a yi shi mai tsawo, kada a ɗaure tamau. Makuba kuwa, wato shafen bango na gargajiya, duk kyanta, ba ta kama bulon siminti yadda take kama ginin ƙasa, kuma tana son sabuntawa akai-akai.

Ku sa a yi samfurin mita ɗaya a kan ainihin bangon, ya sha rana ko da wata biyu ne.

Biya kashi-kashi, a riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin sai aikin ya ga damina ɗaya. A rubuta cikin yarjejeniya ko jami'a na da ikon buga hoton aikin a kalanda da takardunta, da wanda zai gyara in ya lalace. Mai zanen ya miƙa wa sashen ayyuka takarda mai sunan fenti da lambar kowane launi da yadda ake wankewa.