Tambaya da amsa: Balcerowicz na Poland da maganar buga kuɗi

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina aji uku a jami'a ina karanta tattalin arziki. An turo mana wata murya a WhatsApp, mutumin yana cewa wani Leszek Balcerowicz ne ya jefa mutanen Poland cikin yunwa saboda ya hana babban banki ya buga kuɗi ya tallafa wa gwamnati, wai kuma hanyarsa ake bi da mu yanzu. Wallahi hankalina ya tashi, don babana ɗan fansho ne kuma kuɗinsa ba ya kai mu goma ga wata. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa baba lafiya ya kuma kawo sauƙi. Mai muryar nan ya ɗauko rabin labari, rabin da ya ɗauko ma ya kifa shi.

A Satumban 1989 Tadeusz Mazowiecki, firaministan Poland na farko da ba ɗan kwaminis ba tun bayan da 'yan kwaminis suka kama mulkin ƙasar, ya naɗa Balcerowicz mataimakinsa kuma ministan kuɗi. Ƙasar da ya tarar fa ta riga ta kama da wuta, farashi ya ninka sama da sau shida a shekarar, shaguna wayam, mutane na kwana a layi don nama, kowa yana samun zloty, wato kuɗin Poland, sai ya ruga ya canza dala. Me ya kawo haka? Gwamnatin kwaminis tana cike giɓin kasafi da asarar kamfanoninta da kuɗin da babban banki ke ƙirƙira mata. Wato abin da mai muryar ke kira magani shi ne ainihin cutar.

A Disamba majalisa ta amince da dokokinsa goma, suka fara aiki 1 ga Janairun 1990: sakin farashi, yanke tallafi, taka wa babban banki birki wajen cike giɓin gwamnati, barin kamfanin da ya gaza ya durƙushe, da wani haraji mai zafi da suke kira popiwek a kan kamfanin gwamnatin da ya ƙara albashi fiye da kima. A Janairun kaɗai kaya sun tashi kusan kashi 80 cikin ɗari, amma cikin 'yan watanni abin ya sauko ƙasa da kashi 10 a wata, kaya suka dawo kantuna, zuwa 1992 tattalin arziki ya fara girma.

An sha wuya kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Rashin aiki ya haura kashi 16 cikin ɗari a 1993, kuma ma'aikatan gonakin gwamnati da aka rushe an bar su a ƙauyuka ba aiki ba madafa, wannan ni a ganina babban laifi ne da ya kamata a ɗora wa su Balcerowicz. Andrzej Lepper, shugaban manoma, da taken "dole Balcerowicz ya tafi" ya gina siyasarsa.

To bari in tsaya a kan maganar buga kuɗin nan, don kullum sai na ci karo da ita, a rediyo, a majalisar bayan isha, har a bakin masu digiri, kuma ta ishe ni. Wai ai gwamnati na da injin kuɗi, me zai hana ta buga ta biya kowa? Kai da kake aji uku ka sani, takardar kuɗi shaida ce kawai ta hatsi da man fetur da suminti da ke ƙasa. Mai nono in ta ƙara ruwa a ƙwarya, ƙwarya ta cika amma saniya ba ta ƙara komai ba, wanda ya saya a ƙarshe shi ke shan tsiyayi. Kuma wa ke saye a ƙarshe? Ɗan kwangilar da aka fara biya da sabon kuɗin ya riga ya kwashi dala da filaye tun farashi bai motsa ba, ɗan kasuwa ya ƙara wa kayansa kuɗi, sai a bar mutum irin baba, wanda fanshonsa lamba ɗaya ce ba ta motsi, ya je kasuwa ya tarar mudu ya ninka. Haraji ne aka cire masa ba tare da majalisa ta zauna ba, ba rasit, ba inda zai kai ƙara. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji wanda bai taɓa buɗe rahoton babban banki ba yana sayar wa talaka wannan magana da sunan tausayi. Mu ma ai mun ɗanɗana, bashin da gwamnatin tarayya ta ci kai tsaye daga babban banki ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin majalisa ta mayar da shi na dogon zango a 2023, alhali a lokacin doka ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata.

Mutanen Poland da suka ƙone sau ɗaya sai suka rubuta haramcin cike giɓin kasafi da bashin babban banki a tsarin mulkinsu na 1997. Shi kuwa Balcerowicz ya jagoranci jam'iyyar Unia Wolności, ya sake riƙe ma'aikatar kuɗi daga 1997 zuwa 2000, sannan ya zama gwamnan babban banki daga 2001 zuwa 2007. A nan ma bai huta ba, gwamnatin Leszek Miller ta matsa masa lamba ya gaggauta sauke kuɗin ruwa, a 2006 kuma majalisa ta kafa kwamitin binciken bankuna ta kira shi ya ƙi zuwa, kotun tsarin mulki ta ce an wuce gona da iri wajen kafa kwamitin. Ana iya cewa ya riƙe kuɗin ruwa a sama fiye da kima lokacin da rashin aiki ke wajen kashi 20, wannan muhawara ce ta masana kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma hauhawar farashi ta sauka ƙasa da kashi 1 a zamaninsa.

Batun wai hanyarsa ake bi da mu, a yi hattara. Shi bai saki zloty ta yi yawo ba, ɗaure ta ya yi a 9,500 kan dala ɗaya har zuwa Mayun 1991, da asusun dala biliyan 1 da ƙasashen Yamma suka tara masa a matsayin madogara, kuma a 1991 ƙasashen da ke bin Poland bashi suka yafe rabi. Ga masana'antu, ga wutar lantarki, ga kasuwar Jamus a bakin ƙofa. In za ka ba mai muryar amsa a guruf ɗin naku, tambaye shi wanne daga cikin waɗannan muka riƙe a hannu a watan Yunin 2023 da aka saki naira.