Kun Tambaya, Mun Amsa: Me ya raba kan 'yan kallo game da fim ɗin Thirst?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kalli wani fim ɗin Koriya ta Kudu mai suna Thirst, na masu shan jini, saboda na ji ana ta zuzuta shi wai har kyauta ya ci. To ni dai gaskiya ban ji tsoro ba ko kaɗan, ƙyama ma na ji, ga shi da tsawo. Ni ce ban gane ba ko dai masu sharhin ne suka cika ƙari? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba ke kaɗai ba ce wallahi, tun da fim ɗin ya fito a Koriya ranar 30 ga Afrilu 2009 ake wannan muhawarar. Mutum sama da miliyan 2 suka shiga sinima suka kalle shi a can, wasu suka fito suna yabo wasu kuma suna tsaki. A watan Mayun shekarar ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa, tare da wani fim ɗin Ingila mai suna Fish Tank. Daraktan, Park Chan-wook, dama ba baƙo ba ne a wurin, Oldboy ɗinsa ya ci babbar kyauta a can a 2004.

Inda aka samu saɓanin a ganina shi ne, 'yan kallo da yawa sun je ne neman abin da zai sa su zabura, shi kuwa darakta wani abu daban ya sa a gaba. Ki tuna waye jarumin. Fada ne na cocin Katolika, Sang-hyun, mutumin kirki da ya miƙa kansa a gwada maganin wata muguwar cuta a jikinsa don ya taimaki mutane, ya mutu aka ƙara masa jini ya farfaɗo, ashe jinin nan ne ya mayar da shi mai shan jini. To ya mutumin da ya ba da rayuwarsa ga ibada zai yi da ƙishirwar da bai roƙa ba? Shi ya sa kika gan shi yana kwanciya a ƙasa a asibiti yana zuƙar jinin majinyacin da ya daɗe a sume ta robar ƙarin ruwa, wai don dai kar ya kashe kowa. Wannan wurin ni ya fi taɓa ni fiye da duk wani cizon wuya, mutum yana saɓo yana kuma nema wa kansa uzuri, yana ja da baya taku ɗaya ɗaya har ya faɗa son matar abokinsa na yarinta, Tae-ju, har ta kai su ga nutsar da mijin a ruwa.

Masu sharhi abin da suka yaba kenan, da kuma wasan Song Kang-ho, wanda daga baya duniya ta ƙara saninsa a Parasite, da na Kim Ok-bin da ta fito a Tae-ju, ita kam da ta zama mai shan jini ko a jikinta, farauta take da murna. Amma fa ko cikin masu sharhin akwai waɗanda suka faɗi irin abin da kika faɗa, cewa sama da awa 2 ya yi yawa kuma fim ɗin bai tsaya wuri ɗaya ba, yanzu ban tausayi anjima ban dariya anjima jini ya wanke ɗaki. Batun tsawo na yarda da ke, tsakiyarsa tana jan ƙafa. Ƙyamar da kika ji kuwa da gangan aka so ki ji ta.

TAMBAYA: Malam labarin nan daga tatsuniyoyin Koriya aka samo shi?

AMSA: A'a ɗan'uwa. Ƙashin bayan labarin daga littafin Thérèse Raquin ne na marubucin Faransa Émile Zola, wanda ya fito a 1867, kuma babu mai shan jini ko ɗaya a ciki. Mace da kwartonta sun nutsar da miji, fatalwarsa ta hana su sakat, jikin uwar mijin ya shanye tana kallonsu ba bakin magana, duk wannan na Zola ne. Park ne ya ƙara fadan da jinin. Sunan fim ɗin da Koriyanci Bakjwi, wato jemage.

TAMBAYA: Zan iya kallonsa da iyali a falo?

AMSA: Kar ka soma. Ko a Koriya ba a yarda yara su shiga kallonsa ba, na manya ne zalla, akwai tsiraici a fili ga zubar da jini mai tayar da hankali. In kai ma ba ka jure ganin jini, gara ka haƙura da shi.